Musayar waƙa: Doka na takarda, ɗiya na ɗaka

Mushe Mai Alli: Salamu alaikum 'yan fada. Jiya anka ɗaura auren wata ɗalibata 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, nan Tawa, shekarunta 14. Ban rintsa ba. Ƙwar biyu, amsa-amo "ya".

Ku zo mu auna dokar ga tamu,
Awonta bai cika ba, ku duba tiya.
Ta ba namiji sha takwas kan ya yi aure,
Sha biyar kacal ta yanke wa ɗiya.
Mun sa hannu ga takardar kare yara,
Takarda na Yamai, amarya na bisa hanya.
Kujerarta na nan, allonta na nan,
Na kira suna, aji ya yi tsit baki ɗaya.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya nike nufi, tun 1990 Nijar ta amince da ita. Sha biyar ɗin ma auren al'ada bai san da zamanta ba.

Inna ta Ƙwanni:

Mushe, ka amshi goro ka shafa fatiha,
Dare ya yi ka zo kana muna kukan tsiya.
Kana da baki, kana da takalmin zuwa,
Cikinsu duk alƙalami ɗai ka iya.
Hadiza Mani na sha biyu anka sai da ta,
Jikka ɗari biyu da arba'in, wai wahaya.
Ba ta da alli, ba ta rera baiti ba,
Ta kai ƙasarta ƙara, kuma ta tsaya.

Yaran yanzu ba su san ta ba. A 1996 anka sai da ta wahaya, wato baiwar da ake ƙarawa bisa mata huɗu, nan ƙasarmu ta Ƙwanni. Dokar 2003 ta mai da bauta babban laifi, amma sai da Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta, ta kama mata, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna Yamai ran 27 ga Oktoba 2008, ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta biya ta miliyan 10 na sefa.

Mushe Mai Alli: Goron dai na amsa, Inna. Ban ci ba, yana aljihu.

Baƙon Yamai:

Inna, labarinki zuma ne, na lasa,
Amma ƙofar da ta shiga an sa mata ƙaya.
Tun Janairun 2025 munka yi sallama,
Wata Hadiza in ta taso, ina za ta tsaya?

Ɗan Zancen Ƙasa:

Kotun waɗanda sunka kashe muna wuta?
Sunka rufe iyaka, magani ya yi wuya.
Jariri kwance likita babu lantarki,
Ran nan ina haƙƙin yaro ya ɓuya?
Kai dai Baƙo kewar taron otel kake,
Kuɗin zama sun yanke, shi ka sa ka hayaniya.

Gwaggo Mai Lalle: Ayyururui! Allah shi ƙara basira ɗana. Baƙo ya sha ƙasa, a kawo mai ruwa.

Baƙon Yamai: Gwaggo, ke ko baitin ya karye gida uku guɗa za ki yi, tunda ɗan gidanku ne.

Otel ɗin da kake faɗi ban san ƙofatai ba,
Da guminai Baƙo ka cin tuwo da miya.
Kai ka kwan Escadrille kana kaɗa tuta,
Ƙanenka na bara da tasa bakin hanya.

Escadrille nike nufi, shataletalen Yamai inda anka yi zaman dirshan na korar sojan Faransa.

Ɗan Zancen Ƙasa: Ka taɓa ƙanena. Ina zuwa, caji ya ƙare.

Inna ta Ƙwanni: Ku dakata, yaran banza.

Da mai kaki da mai babbar riga,
Kowa ya hau, yarinya ce ka shan wuya.
A 2006 'yan majalisa sunka ce a'a
Ga takardar Maputo, sunka juya baya.
Ajin zana ya ci yara a Pays Bas,
Na Maraɗi ya biyo, shekara ɗaya.
Kowane ya zo da sabon tambari,
Tulun ya canza, ruwan na tsohuwar rijiya.

Takardar Maputo ta haƙƙin matan Afirka ce. Ajin zana kuwa gobara ce, 2021 ke nan, unguwar Pays Bas ta Yamai a Afrilu, Maraɗi a Nuwamba. Ba soja ba ne bisa kujera sannan, Baƙo. Kai kuma ɗana, tuta ba ta hana ɗaurin auren jiya ba.

Kawu Mai Awo: Tun ɗazu nike haƙuri. Inna, ki karanta "dubu biyu da shida" da ƙarfi ki ji. Ɗangon nan ya fi ɗan'uwansa da taku biyar, raƙumi da akuya kinka ɗaure igiya guda. Baƙo shi ma haka da 2025 tasa. Kuma ya ari "tsaya" daga bakin Inna ko kunya babu. Shekara ba ta shiga waƙa!

Inna ta Ƙwanni:

Kawu mai awo, kullum kana ƙirga gaɓa,
Baitinka ɗaya ba mu gani ba tun shekaran jiya.

Kawu Mai Awo: Mai gyaran ƙafa ba sai ya yi tsere ba. Wannan ma na farkon ya yi ɗingishi.

Baƙon Yamai: Amsa-amo ba gonar gado ba ce, Kawu. Kuma da wane ma'auni kake awo? Na Larabawa ko na kalangu?

Kawu Mai Awo: Da kunne. Ku 'yan Yamai kun cuɗa Adaranci da Kananci da Faransanci, sannan ku ce waƙa. "Escadrille" gaɓa nawa ce?

Gwaggo Mai Lalle: Uku in ɗana ya faɗa, bakwai in Baƙo ne.

Ɗan Zancen Ƙasa: Na dawo. Wa ya ce ƙanena? Almajiri ne, karatu yake.

Kawu Mai Awo: A baiti za ka amsa, ba a zube ba.

Mushe Mai Alli: Kwana biyu ke nan kuna kan gaɓa. Akwai dokar Disamba 2017 da ta ce a riƙe 'yan mata lakkwal har shekara 16. Na ɗauko ta, na ninke, na sa aljihun da goron yake.

Na je ƙofar gidan na yi sallama uku,
Na ga lalle a ƙafarta, na kasa gaya.

Inna ta Ƙwanni: Bar rera wa, Mushe. Uwar angon nike so, ba uban ba. Turo min sunan unguwar a keɓe, jibi in na sauka tasha ka zo da takardar mu tafi tare. Ka sa hula.

Kawu Mai Awo: "Na kasa gaya" wa? Jimlar ba ta cika ba.