Jaririna yana murɗe-murɗe da kuka bayan shan madara, in canza masa wata?

Mai Jego

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Yarona yau kwanansa 33, kilo 4 ya yi a awon da aka yi masa shekaranjiya. Tiyata aka yi min, nono bai kawo da wuri ba, shi ne aka haɗa masa da madarar gwangwani mai lamba 1. Har yanzu yana kama nono sau biyu ko uku a rana, sauran duk madara ce.

Yau kusan kwana goma ke nan, da ya sha sai ya hau murɗe-murɗe, ya naɗe ƙafafu, fuska ta yi jajir, cikin ya yi tam. Tumbiɗi kusan kowane sha. Kukan ya fi tsanani daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare. Kashi sau ɗaya a rana, wani lokacin ya tsallake kwana, kuma da nishi sosai. Mil 120 nake haɗa masa duk bayan awa uku, na dare kuma ina ƙara cokali ɗaya na garin madarar a kai don ya ƙoshi ya yi barci.

A gida an ce madarar ce ba ta karɓe shi ba. Wata ta ce in nemo marar laktos, wato sukarin da ke cikin madara, wata ta ce ta akuya ta fi sauƙi a ciki. Wacce zan saya? Kuma lokaci ɗaya ake canzawa ko a hankali?

Anti Nas

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya, ya ƙara miki lafiya. Kada ki sayi komai tukuna. A cikin bayaninki akwai abubuwa biyu da kowannensu shi kaɗai zai iya jawo abin da kike gani, kuma ko kin canza gwangwani za su bi ki.

Na farko yawan madarar. Jaririn da madara kaɗai yake sha yana buƙatar mil 150 zuwa 200 a kan kowane kilo na nauyinsa a awa 24. Kilo 4 ke nan mil 600 zuwa 800. Ke kuwa mil 120 sau takwas kike ba shi, wato 960, ga nono a kai. Cikinsa ƙarami ne, bakin tumbin kuma bai gama ƙwari ba, abin da ya yi yawa sai ya dawo sama. Ki koma mil 90, cokali uku. In ya shanye yana nema da gaske, yana juya kai yana tsotsar hannu, sai ki haɗa mil 30 ki ƙara masa. In ya kau da kai ko ya saki kan fidar, ki ƙyale shi ko da saura.

Na biyu shi ya fi damuna: ƙarin cokalin nan na dare. Cokali biyar a ruwa mil 120 ya sa madarar ta fi ƙa'ida kauri da kashi ɗaya cikin huɗu. Gishirin da furotin ɗin da ke ciki sun yi wa ƙodarsa yawa, ruwan jikinsa ya ragu, kashi ya yi tauri. Ba ya sa barci, sai ma ƙishirwa da kuka. Ki daina daga yau.

Ga yadda ake haɗi. A tafasa ruwa sabo, ko na leda ne ko na bohol, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya wuce minti 30, don ya kasance bai sauka ƙasa da digiri 70 ba. Garin madara ba a tsarkake yake ɗari bisa ɗari ba, zafin nan ne yake kashe ƙwayoyin cuta irin su Cronobacter da Salmonella. Ruwa ake fara zubawa a fida, a ajiye ta a kan tebur a duba layin, sannan gari. In aka fara zuba gari, ruwan ba zai cika ma'auni ba. A ɗebo cokali, a share samansa da bayan wuƙa mai tsabta ko bakin gwangwanin, ba tozo, ba dannawa. A rufe a kaɗa, a sanyaya fidar a cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. In ta yi kumfa sosai a ba ta minti biyu ta kwanta, kumfar nan iska ce.

Sai ki duba kan fidar. Ki kifa ta: ya kamata madara ta riƙa ɗiga ɗis-ɗis, ba ta zubo kamar famfo ba. Wajen ba shi, ki ɗan zaunar da shi a jikinki, fidar kusan a kwance, madara ta cika kan robar. Duk mil 30 ki tsaya ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Shan ya ɗauki kamar minti 15 zuwa 20. Bayan ya gama ki riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. In zai yi barci kuma a rigingine za a kwantar da shi, ko yana tumbiɗi, ban da rub da ciki.

Likitan Yara

Malama Nas ta gama magana a kan haɗi. Ni a kan zaɓin madarar zan tsaya, don a nan ake asarar kuɗi.

Duk madarar jarirai mai lamba 1 da aka yi da nonon saniya, ƙa'ida ɗaya ake bi wajen haɗa ta: kalori 60 zuwa 70 a mil 100, furotin ɗin saniya, sukarin laktos, man tsirrai, sinadarin ƙarfe. Bambancin kamfani da kamfani kaɗan ne. Shi ya sa in jariri ba ya jituwa da furotin ɗin saniya, sauya suna ba zai yi komai ba. In kuwa yana jituwa da shi, to da ma ba madarar ce matsalar ba.

Kukan da kika kwatanta, mai farawa da magariba, ga naɗe ƙafa, ya yi kama da murɗar cikin jarirai da aka sani. Takan fara a sati na biyu ko na uku, ta kai ƙololuwa wajen sati shida, ta tafi da kanta a wata uku zuwa huɗu. Masu shan nono zalla ma suna yi. Yaronki yana dab da sati biyar, ke nan yana kan hawa. Wannan ne ma yake ruɗar mutane: a canza madara sau uku, ta ukun ta zo daidai da lokacin da kukan zai lafa, sai a ce ita ce ta karɓe shi.

Nishi wajen kashi ma ba shi ne taurin ciki ba. Jariri bai iya haɗa yunƙuri da sakin dubura a lokaci guda ba, sai ya yi minti goma yana ja da fuska, kashin ya fito da laushi. Taurin ciki shi ne kashi ya fito guda-guda, busasshe kamar na akuya.

Marar laktos: da wuya ƙwarai a haifi jariri ba ya narkar da laktos, nonon uwa ma ya fi na saniya yawansa. Inda take da amfani shi ne bayan gudawa mai tsanani da ta goge hanji, na 'yan makonni. Kuma furotin ɗin saniya yana nan a cikinta. Ta akuya kuwa furotin ɗinta ya yi kama da na saniya sosai, wanda jikinsa ya ƙi wannan yawanci zai ƙi wancan. Ta waken suya ba a so kafin wata shida sai likita ya ga dalili.

Rashin jituwa da furotin ɗin saniya yana samun jarirai biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma ba kuka kaɗai yake zuwa da shi ba. Ana ganin zaren jini ko majina a kashi, gudawar da ta ƙi tsayawa, amai mai yawa, fata ta bushe ta yi ja tana ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar gaɓoɓi, nauyi ya tsaya. In an yi zargin haka, madarar da aka farfasa furotin ɗinta sosai ake ba shi, irin su Nutramigen ko Aptamil Pepti, na sati biyu zuwa huɗu, sannan a sake gwada ta farko a ga ko alamun za su dawo. In ita ma ba ta yi ba a koma irin Neocate. Masu rubutun HA ko Comfort kaɗan aka farfasa nasu, ba sa maganin wannan. Mai rubutun AR kuma kauri aka ƙara mata saboda tumbiɗi, haɗinta daban ne, takan ƙara taurin kashi. Duk waɗannan sai an duba yaro.

Ki kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne, in kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafin jiki ya kai digiri 38; amai kore shar ko mai jini; amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, yana gamawa yana neman wani, domin a wannan shekarun ƙofar fita daga tumbi takan toshe, kuma aiki ake yi; jini a kashi; ciki ya kumbura ya yi tauri bai sauka ba; ya ƙi sha sau biyu a jere; jiki ya saki, yana wuyar tashi; maɗiga ta faɗa; leɓe ko ido ya kumbura ko numfashi ya canza bayan sha.

Ki faɗa mana nauyin haihuwarsa, kamannin kashin, da famfas nawa yake jiƙawa.

Mai Jego

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kilo 3.2 aka haife shi. Kashin rawaya ne, mai ɗan kauri kamar kullun ƙosai, ba jini ba majina. Fitsari sau bakwai ko takwas. Fatarsa lafiya lau. Na kifa fidar kamar yadda Anti ta ce, zuba take yi, ashe an ƙara hudar da allura wai yana wahala wajen zuƙa. Zan sayo sabon kai. Amma irin madarar da yake sha tana yawan yankewa a unguwarmu, wata rana dole sai na canza. Yaya zan yi?

Likitan Yara

Giram 800 a kwana 31, ga fitsari wadatacce da kashi mai laushi, wannan yaro yana samun abin da yake buƙata har da ƙari. Ki nemi kai mai lamba 1 ko wanda aka rubuta na sabon haihuwa, ki gyara ma'auni, ki ba shi sati ɗaya. In ba sauƙi ko kaɗan, ki kai shi a duba shi ido da ido.

Mai Harhaɗa Magunguna

Hajiya, daga lamba 1 zuwa wata lamba 1 ana iya canzawa kai tsaye, ba haɗari. Amma tunda cikinsa yana damunsa, a hankali ya fi, don ki gane me ya jawo me. Kwana biyun farko sha ɗaya ko biyu na sabuwa, da safe, lokacin da idonki yake kansa. Kwana na uku da na huɗu rabi da rabi. Zuwa kwana na shida duka sabuwa. Kada ki zuba garin biyu a gwangwani ɗaya. In ya ƙi ɗanɗanon, ki haɗa kowacce a fidarta da ma'auninta, sannan ki gauraya su bayan sun zama ruwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cokali. Kowane gwangwani da nasa, domin nauyin garin ba ɗaya ba ne. Ki jefar da tsohon tare da gwangwaninsa. Ki karanta jadawalin jiki ma: mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Najeriya cokali ɗaya ne a mil 30, amma na Amurka da ake shigowa da su, irin su Similac da Enfamil, cokali ɗaya ne a mil 60. Wadda ta saba da 30 ta yi haka da waɗannan, ta ninka kaurin madarar.

Bayan canji kashi zai iya sauya launi zuwa kore-kore, ko warinsa ya canza, ko tusa ta ƙaru na 'yan kwanaki. Wannan ba dalilin sake canzawa ba ne. A ba sabuwa sati ɗaya zuwa biyu kafin a yanke mata hukunci, sai fa in alamun da likita ya lissafa sun bayyana.

Wajen saye ki duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa a ƙasan gwangwani, da takardar azurfar da ke ƙarƙashin murfi. Wanda ya lotse, ya yi tsatsa, ko ya sha rana a kanta, ki bar shi. Ki rubuta ranar da kika buɗe a murfin, sati huɗu ne wa'adinsa a yawancin kamfanoni. Lamba 2 sai wata shida. Madarar shayi irin su Peak, Dano, Cowbell ko Nido ba ta jarirai ba ce, ko na kwana ɗaya kada ta maye gurbi. Kuma in gwangwani ya kusa ƙarewa kada a tsinka da ruwa don ya kai gobe, yawan ruwa yana sauke gishirin jinin jariri har ya kai ga jijjiga.

Ungozoma

'Yata, ni a kan nonon zan ja hankalinki. Tunda yana kamawa sau uku, ƙofa a buɗe take. Kowane sha ki fara sa shi a nono, ɓangare biyu, sannan ki cike da madara. Da dare musamman, lokacin ne jiki ya fi tara ruwan nono. In ya yi barci bai sha ba ki tatse. Yawan cirewa ne yake kawo shi, kunun kanwa kaɗai ba zai yi ba. Mil ɗin madarar zai riƙa raguwa da kansa, kashin ma ya ƙara laushi.

In kukan magariba ya tashi za a kawo miki shawarwari: ruwan ɗumi, zuma, ruwan dabino, jiƙo, maganin ciwon ciki na kyamis, ko a kira wanzami. Ki ba da haƙuri cikin ladabi ki ce likita ya hana. Zuma kafin shekara ɗaya tana iya kawo cutar da ke sakar da jikin jariri har numfashi. Ki rungume shi a ƙirji fata da fata, ki rage haske, ki shafa cikin a hankali daga damansa ki zagayo hagu, ki motsa ƙafafun kamar mai tuƙa keke. In kin gaji ki miƙa wa wani, ko ki kwantar da shi ki fita ki sha iska minti biyar. Kada kowa ya jijjiga shi da ƙarfi.

Na dare kuma, tunda wuta ba tabbas, kada ki haɗa ki ajiye. Ki cika filas mai tsabta da tafasasshen ruwa kafin ki kwanta, fidoji biyu ko uku da aka tafasa minti 10 suna rufe a gefe, ki haɗa in ya tashi. Wadda aka haɗa ba a taɓa ba kada ta wuce awa biyu, wadda ya sa wa baki kuwa, bayan awa ɗaya a zubar.