Muhawara: Kuɗi ne ke riƙe masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja, ko tarbar da ake yi musu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, kuma na san ba kowa zai yarda da ni ba. A ganina, manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya karanta rubutunta ya gyara ya rarraba, ba abin da ke riƙe masu yi mata aiki sai kuɗi, maganar kyakkyawar tarba kuwa ana kai ta inda ba ta kai ba. Hujjata OpenSSL ce. Da aka gano ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a cikinta a watan Afrilun 2014, sai duniya ta farga cewa manhajar da ke kare sirrin bankuna da wasiƙun miliyoyin jama'a tana hannun mutane ƙalilan, mutum ɗaya kaɗai ke yi mata aiki na cikakken lokaci, kuma tallafin da jama'a ke aikowa a shekara bai wuce kimanin dala 2,000 ba. Abin da ya ɗaga aikin bayan haka shi ne kuɗin da manyan kamfanoni suka zuba ta hannun Linux Foundation, har aka ɗauki ƙarin mutane. Mai iyali ba zai daɗe yana aikin dare kyauta ba, komai daɗin bakin da ake yi masa.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ban musa labarin OpenSSL ba, amma misali ɗaya bai isa a gina hukunci a kansa ba, domin akwai inda kuɗi ya shiga ya raba kan mutane. A 2006 wasu daga cikin masu aikin Debian, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da 'yan sa-kai ke haɗawa, suka kafa wani shiri mai suna Dunc-Tank, suka tara kuɗi don a biya mutum biyu da ke jagorantar fitar da sabon fasalin da ake kira Etch, da fatan ya fito a watan Disamba. Ɗaruruwan 'yan sa-kai na aiki ba a ba su ko sisi, sai ga mutum biyu an ware su. Wasu suka ji zafin abin, suka faɗa a fili, suka rage hannu, Etch kuwa bai fito ba sai Afrilun 2007. Haka ma abin da ya faru a Hacktoberfest na 2020, wani shirin ƙarfafa mutane su aika gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, lokacin da kamfanin DigitalOcean ke ba da riga ga duk wanda ya aika gyara huɗu: aka cika masu kula da manhajoji da gyare-gyaren banza, wani ya ƙara kalma ɗaya a takardar bayani, wani ya sauya waƙafi, har sai da aka canza doka a cikin 'yan kwanaki, aka ce sai manhajar da masu kula da ita suka amince ce za ta shiga shirin. Lada yana kawo mutane, wannan gaskiya ne, amma waɗanda suka zo don riga sun tafi da rigarsu.

Injiniya Sadiƙu:
Hajiya, riga ba albashi ba ce, don haka misalinki na biyu bai taɓa maganar Malam ba sosai. Inda nake tare da shi shi ne Linux, manhajar da ke zama ginshiƙin tafiyar da kwamfutoci da yawa, domin shekaru da yawa ke nan mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga cikinta daga ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google suke fitowa, mutanen da ake biya kowane wata. Sai dai a wannan Linux ɗin ne Linus Torvalds, wanda ya fara ta a 1991, ya fito a watan Satumban 2018 ya nemi afuwa kan zafin harshensa ga abokan aiki, ya ja baya na kimanin wata guda, aka kuma kafa ƙa'idar mu'amala. Da kuɗi ya wadatar, da ba a kai ga haka ba. A watan Yulin shekarar ne kuma Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python, wani harshen rubuta manhaja, bayan taƙaddama mai zafi a kan wata sabuwar alama da aka ƙara wa harshen, alhali yana da aikinsa na albashi a kamfanin Dropbox. Ba yunwa ce ta gajiyar da shi ba.

Nafisa:
Iyayena da yayyena, ni ce ƙarama a nan, amma ina roƙon ku saurari abin da ya same ni, domin ina ganin kuna ta kewaye wuri ɗaya ba ku taka shi ba. Na taɓa gano kuskure a wata ƙaramar manhaja da nake amfani da ita, ba zan ambaci sunanta ba. Na kwana uku ina gyara, ina tattalin data da cajin kwamfuta, na aika. Wata biyar ba wanda ya ce mini uffan. Ba a zage ni ba, ba a ƙi gyaran ba, shiru kawai, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo, domin wanda ya zage ka aƙalla ya karanta abin da ka rubuta. Daga baya na gwada wani aikin dabam, na ɗauki ɗaya daga cikin matsalolin da suka ware wa sababbin shiga. Cikin kwana biyu wani ya duba, ya nuna mini wurare uku da na yi kuskure ba tare da sassauci ba, ya kuma bayyana dalilin kowanne. Har yau ina tare da su, ba a taɓa biya na ba. Da na daɗe a ciki ne na gane cewa mai kula da manhajar farko ba mugu ba ne, shi kaɗai ne, kuma saƙonnin da ke jiransa sun fi ƙarfin lokacinsa. Abin da ya riƙe ni amsa ce, amsa kuwa lokacin wani ne.

Malam Habu:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, kuma kin mayar da mu kan maganata, domin lokacin nan da kika ambata ba a samunsa sai an saya. Ku dubi xz, ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux. Lasse Collin ne ke ɗauke da ita shekara da shekaru, kusan shi kaɗai. A 2022 wasu suka dame shi da ƙorafin cewa aiki ba ya tafiya, ya amsa musu cewa ba biyansa ake yi ba, ya kuma ambaci matsalar lafiya. A wannan hali ne wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya daɗe yana aiko da gyare-gyare masu kyau, ya samu ikon saka hannu a manhajar, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya buɗe wa maƙiyi kwamfutoci marasa adadi. Ba don wani injiniyan manhaja mai suna Andres Freund ya lura a watan Maris na 2024 cewa shigarsa wata na'ura ta yi jinkirin kimanin rabin daƙiƙa ya bi diddigi ba, da abin ya bazu. Ina tambaya, da Collin na da albashi da abokin aiki, zai miƙa mabuɗi cikin gajiya?

Hajiya Binta:
Wannan labarin ya taɓa ni, Malam, kuma na yarda cewa barin mutum ɗaya da irin wannan kaya zalunci ne daga kamfanonin da ke cin riba da aikinsa. Amma ka lura ka sauya magana. Da farko ka ce kuɗi ke riƙe masu ba da gudummawa, yanzu kuma kana cewa a biya mai dubawa. Na biyun na amince da shi ɗari bisa ɗari, na farkon har yanzu ban amince ba. Da xz na da mutum biyar da suka girma a cikinta kamar yadda Nafisa ta girma a nata aikin, waɗanda aka san su aka san hannunsu, da baƙo ɗaya bai zama shi kaɗai ne mafita ba. Irin waɗannan ba a ɗauko su da talla, renonsu ake yi.

Injiniya Sadiƙu:
Shi ya sa shirye-shirye irin su Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da Outreachy suke haɗa abu biyu, alawus ga mai koyo da kuma jagora da zai riƙe hannunsa na 'yan watanni. Abin da ke damuna shi ne jagoran, domin sau da yawa ɗan sa-kai ne da aka ƙara wa nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi.

Malam Habu:
Hajiya, na janye rabin maganata, ban janye sauran ba. Nafisa ta zauna ba a biya ta ba domin yanzu tana da sarari. Ina so mu sake tambayarta idan hidimar gida da ta wurin aiki sun taru a kanta.

Nafisa:
Malam, hidimar ta riga ta fara taruwa. A watan jiya aka roƙe ni in riƙa duba gyare-gyaren sababbin shiga, na karɓa, kuma a yanzu haka mutum biyu na jiran amsata tun makon da ya wuce.