Wasan daɓe ko wasan kwaikwayo: wane suna za mu ba bikin Moliyer na Faransa?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan aiki ne ya cije mini tun jiya. Labari nake juyawa daga Faransanci a kan bikin da suke kira La Nuit des Molières, daren da Faransawa ke karrama gwanayen wasan da ake yi ido da ido a gaban 'yan kallo. Tun 1987 ake yin sa, galibi a Paris cikin Afrilu ko Mayu, kuma wanda ya assasa shi, Georges Cravenne, shi ne dai ya kafa kyautar César ta 'yan fim a 1976. Na rubuta "bikin karrama 'yan wasan kwaikwayo", na miƙa wa ƙanwata ta duba, sai ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wane fim ne ya ci?" Nan jikina ya yi sanyi. A kunnen yaran yanzu wasan kwaikwayo fim ne, ko diramar talabijin. Su kuwa Faransawa sun raba musu gida: César na masu kyamara, Moliyer na masu théâtre. To me zan kira théâtre ɗin nan, don kada mai karatu ya tafi neman sa a YouTube?

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu nan Nijar ba mu wahalar da kanmu ba, teyatur muke cewa. Iyayenmu da suka yi zamanin samariya, lokacin da kowace jiha ke kai ƙungiyarta gasar matasa ta ƙasa, da wannan sunan suka san shi. Amma na sani in ka rubuta teyatur, mutumin Zariya zai ɗauka sunan magani ne.

Malamin Hausa: Wasan kwaikwayo ai uwa ce, 'ya'yanta ake bambantawa: na rediyo, na talabijin, na dandamali. A aji haka muke koyarwa. Ka rubuta "wasan kwaikwayo na dandamali", babu malamin da zai ja maka jan biro.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, daidai ne, sai dai kanun labari ne a gabana. "Bikin karrama gwanayen wasan kwaikwayo na dandamali na Faransa", kafin a kai ƙarshe numfashi ya ƙare. Wani abokina ya ce in sa "wasan dandali".

Malamin Hausa: A'a, bar dandali. Dandali fili ne a buɗe, inda 'yan mata ke gaɗa da dare. Ga shi kuma intanet ta ƙwace kalmar, kowa dandalin sada zumunta yake ji. Abin da kake magana a kai cikin gini ake yi, da tikiti da kujeru da labule.

Tsohon ɗan wasa: Ku gafarce ni, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Kalmar da kuke nema tana nan da ranta: wasan daɓe. Mu da muka yi abin kafin bidiyo ya zo haka muke kiran sa, kuma har gobe in ka tambayi dattawan 'yan fim na Kano daga ina suka faro, za su ce maka daga daɓe. A zauren taron makaranta muke yi. Mu haɗa tebura mu ɗaure ƙafafunsu da igiya, mu rataya zannuwan gado biyu a waya su zama labule, a kunna fitilar aci-bal-bal ko a jawo kwan lantarki ɗaya daga ofis. In ka manta maganarka babu mai cewa a yanke a sake. Kana tsaye gumi na bin bayanka, na bayan labule yana yi maka raɗa, 'yan kallo sun riga sun gane suna dariya. Wannan shi ne bambancin da kake son mai karatu ya ji, kuma kalma biyu sun ɗauke shi.

'Yar Damagaram: Baba, wallahi ka buɗe mini ido. Su ma Faransawa da abin da ake takawa suke yi wa sana'ar laƙabi. Les planches suke cewa, wato allunan katakon da aka shimfiɗa. In an ce mutum ya hau katako, to ya shiga sana'ar ke nan. Nasu katako, namu ƙasa da aka daka. Akwai ma wata tsohuwar al'adarsu: kafin a ɗaga labule sai a buga sanda a ƙasa, bugu uku na ƙarshe su ne sanarwar an fara, sandar kuma brigadier sunanta. Da na tuna sai na ji kamar ƙarar madaɓi.

Malamin Hausa: Ga inda nake da ja, Alhaji. Daɓe a asali aikin mata ne: a zuba tsakuwa da ƙasa a sabon ɗaki, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta duka da madaɓi ana waƙa. Muna da waƙoƙin daɓe a adabin baka. Ɗalibi zai iya jin "wasan daɓe" ya zaci wasan da matan ke yi wurin aikin ne.

Tsohon ɗan wasa: Malam, shekara nawa muna faɗa, ban taɓa ganin wanda ya zo kallonmu da madaɓi a hannu ba. Waƙar daɓe daban, wasan daɓe daban, kunne ya riga ya raba su.

Malamin Hausa: Na sallama, da sharaɗi ɗaya. A farkon ambato a rubuta "wasan kwaikwayo na daɓe", daga nan a ci gaba da gajeren.

Mai fassara: Na karɓa hannu biyu. Tunda kuna kusa bari in tona wa kaina asiri. Cikin jerin kyaututtukan akwai ta comédien da ta comédienne. A rubutun farko na sa "gwarzon mai barkwanci".

'Yar Damagaram: Subhanallahi, goge maza! Turancin Ingilishi ne ya ja ka. A Faransanci comédien duk wani ɗan wasa ne, ko da wasansa kuka zai sa ka. Dubi Comédie-Française, gidan wasan da Sarki Louis na 14 ya kafa a 1680: wasannin ban tausayi da na kisan sarakuna duk ana yi a ciki. Mai ba da dariya zalla humoriste suke ce masa. Shi kansa Moliyer da aka sa wa bikin sunansa, wanda sunansa na yanka Jean-Baptiste Poquelin, an haife shi a 1622, marubuci ne, shugaban ƙungiya ne, kuma yana hawa da kansa. Ranar 17 ga Fabrairu 1673 yana wasan wani mutum mai ƙaƙaba wa kansa ciwon da babu, alhali shi ciwon gaske ke cin sa. Ya daure ya kai ƙarshe, aka kai shi gida, a daren ya cika. Kujerar da ya zauna a kai tana ajiye a gidan wasan nan har yau. Shi ya sa abin da ake miƙa wa wanda ya ci ɗan mutum-mutumin Moliyer ne, kai da kafaɗu.

Mai fassara: To lambar yabo ba ta zauna ba ke nan, tunda ba a wuya ake ratayawa ba, kofi ma haka. Zan bar shi "kyautar Moliyer". Comédien kuma fa, in ce jarumi?

Tsohon ɗan wasa: Jarumi na 'yan fim ne, ɗana, in ka sa shi ƙanwarka za ta sake tambayarka wane fim. "Ɗan wasa" kaɗai kuma a ce ƙwallo. Ka sa "ɗan wasan daɓe" da "'yar wasan daɓe".

'Yar Damagaram: Wasu tarkuna biyu kafin ka faɗa. Révélation ba wahayi ba ne, sabon jini ne da ya fara haskawa. Sannan suna raba manyan kyaututtukan gida biyu, théâtre public da théâtre privé. Kada ka ce "na jama'a" da "na sirri". Na farko gidajen wasa ne masu samun tallafin gwamnati, na biyu masu zaman kansu da suka fi dogara da kuɗin tikiti. Rabon ba na ado ba ne: saɓani da masu zaman kansun ya sa ba a yi bikin ba a 2012 da 2013, sai 2014 ya dawo.

Mai fassara: Allah ya saka, Yaya. Saura metteur en scène. Darakta?

Malamin Hausa: Mai ba da umarni, an riga an saba.

Tsohon ɗan wasa: Ni bai cika mini ba. Mutumin nan shi ke cewa nan za ka tsaya, ta nan za ka shigo, a nan fitila za ta mutu. Umarni kaɗan ne daga aikinsa. Mai tsara daɓe nake so.

Malamin Hausa: Sai a ɗauka mai jera kujeru da labule ne, Alhaji, su kuma masu ƙawata wurin suna da tasu kyautar daban.

Mai fassara: Editana na jira, don haka ga abin da na tura: "Daren Moliyer: Faransa ta karrama gwanayen wasan daɓe." A cikin labarin na bi sharaɗin Malam, na kuma sa "mai ba da umarni" na wannan karon. Baba, ka yi haƙuri.

Tsohon ɗan wasa: Ba komai. Baɗi in bikin ya zagayo zan sake tayar da maganar. Ka dai tabbata ɓ ɗin nan ta fito da ƙugiyarta a shafinku, kada a wayi gari a ga "wasan dabe".