Muhawara: wai ƙwayar gado guda ce ke sa mutum ƙafar yawo?

Bashir: Jama'a, jiya na ga wani bidiyo, wai masana sun gano ƙwayar gadon da ke sa mutum son kasada da yawo, sunanta DRD4. Nan take na tuna ƙanina. Tun yana firamare ba ya zama wuri ɗaya, yanzu kuma yau Legas gobe Agadas. Ashe a jininsa abin yake, muna ta yi masa faɗa a banza.

Dakta Maryam: Malam Bashir, wannan labari ya kwana biyu. A 1996 Richard Ebstein da abokan aikinsa a Isra'ila suka fitar da shi a mujallar Nature Genetics. Ita DRD4 umarni take ɗauke da shi na ƙera ɗaya daga cikin wuraren da dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo, ke sauka a ƙwaƙwalwa. A jikinta akwai wani guntu mai maimaita kansa, a yawancin mutane sau 4, a wasu sau 7. Suka ce masu 7 sun fi nuna son sabon abu a tambayoyin da aka yi musu. Mutum 124 kacal suka gwada.

Bashir: Ai ba su kaɗai ba ne, Dakta. A shekarar nan rukunin Dean Hamer a Amurka ya samu irin wannan sakamako da mutum 315.

Dakta Maryam: Ka yi gaskiya. Sai dai da wasu suka sake gwajin a ƙasashe daban-daban, wannan ya gani, wancan bai gani ba. A 2008 Marcus Munafò da abokansa suka haɗa binciken wuri guda, alaƙar mai 7 da son sabon abu ta ɓace.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. So kike ki ce hali ba a gadonsa?

Dakta Maryam: A'a Baba, Allah ya ƙara girma, ana gadonsa. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin halayen mutane daga gado yake. Gardamata da Bashir a kan "guda ɗaya" take. A 2019 an duba ƙwayoyin gadon mutum sama da miliyan ɗaya a kan son kasada, aka samu wurare 124 masu hannu a ciki, kowanne tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Abin dariyar shi ne ƙwayoyin gadon da suka shafi dofamin, irin su DRD4, da aka daɗe ana zargi ba su yi fice ba. Sai ma hanyoyin wasu sinadarai, gulutamet da GABA, suka fito fili.

Hadiza: Anti Maryam, ban yarda a binne DRD4 gaba ɗaya ba. A 1999 Chuansheng Chen ya nuna al'ummomin da kakanninsu suka yi ƙaura mai nisa, kamar 'yan asalin Kudancin Amurka, sun fi yawan mai 7, alhali a gabashin Asiya da ƙyar ake samunsa. Ga kuma mutanen ƙabilar Ariaal na arewacin Kenya da Dan Eisenberg ya bincika a 2008: a cikin makiyaya masu yawo, maza masu 7 sun fi ƙoshin jiki, a cikin waɗanda suka zauna wuri ɗaya kuwa su ne suka fi rama. Wannan ba wasa ba ne.

Bashir: Yauwa Hadiza! To ashe haka Fulani suke, shi ya sa ba su zama.

Abdulƙadir: Tsaya nan, Bashir. Kakana Bafulatani ne, ruwa da ciyawa yake bi, ba wata ƙwaya ba. Ranar da ya samu gona da rijiya ya zauna har ya rasu. Irin wannan magana ce ake ɗauka a liƙa wa ƙabila guda hali, gobe ka ji ana cewa faɗa ma a jininsu yake.

Dakta Maryam: Hadiza, binciken Ariaal yana burge ni, amma maza ne ɗari da 'yan kai, kuma nauyin jiki aka auna, ba hali ba. Na Chen kuwa, idan mutane kaɗan suka balle suka kafa sabuwar al'umma, duk ƙwayar da suka tafi da ita tana iya yawaita ko da ba ta da wani amfani. Inda DRD4 ta ɗan tsaya da ƙafarta shi ne lalurar rashin natsuwa ta yara, ADHD, can ma ƙarin haɗarin kaɗan ne.

Hadiza: Kaɗan dai ba babu ba ne.

Bashir: To ni yanzu in kai ƙanin nawa gwaji ko kuwa?

Dakta Maryam: Riƙe kuɗinka. Ko takardar ta ce 7, ko ta ce 4, ba za ta faɗa maka inda zai kwana jibi ba.

Baba Ɗanjuma: Bashir, mahaifinku ma sai da ya kai Kumasi fatauci kafin ya yi aure. Ka tambayi gwaggonka.