Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo: wa za a sa a gaba, kuma wace waƙa za a fara nema?

Malam Issufu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Matasan unguwarmu a nan Maraɗi suna haɗa waƙoƙin mazan jiya a katin memwar ɗaya, suna son a jera musu mawaƙan daga na ɗaya. Masana, a ba su shawara.

Alhaji Laminu: Wa alaikumus salam. Kafin jeri a raba fage tukuna. Makaɗin fada da makaɗin jama'a ba awo ɗaya ake yi musu ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo 'yan kotso ne, waƙarsu shiryayya ce, an zauna an tsara ta da 'yan amshi kafin a fito gaban sarki. Shata ɗan kalangu ne, a fili yake ƙirƙira, 'yan amshinsa gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa, kawai suke riƙewa. Idan aka ce faɗin gado, Shata ne na ɗaya ba gardama: sarakuna, direbobi, manoma, 'yan siyasa, kowa ya samu rabonsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, amma har gobe shi ake sawa a tasha.

Malam Sani mai littafi: Alhaji, yawa daban, nauyi daban. Ni Narambaɗa nake sawa gaba. A saurari Bakandamiyarsa a jera da ta Shata. Ta Shata kirari ce mai zafi, tana tafiya da kiɗa. Ta Narambaɗa kuwa kowane ɗa, wato baiti, an auna shi, magana ɗaya tana ɗauke da yabo da zambo da habaici lokaci guda, kuma ba ya komawa gindi sai ma'ana ta cika. Abin da ya rage masa suna wurin yara shi ne ya rasu kafin kaset ya shigo kasuwa, don haka abin da aka ɗauka nasa kaɗan ne, murya kuma ta dushe. Mu nan kusa da Tsibiri bai kamata a bar shi a baya ba, tunda Sarkin Gobir na Isa Amadu ya yi wa yawancin waƙoƙinsa, Hausarsa kuma kunnenmu ya saba da ita.

Hajiya Rabi: Duk kun manta mata. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ta fitar da amada daga cikin gida zuwa fili. Kayan aikinta ƙwarya ne, wata a kife a kan ruwa, sai muryoyin mata. Waƙarta ta kira ga mata su kama sana'a ta yi aikin da wa'azi da yawa bai yi ba. A ba ta gurbi cikin biyar na farko, kada a jefa ta a ƙarshen kati don cika wuri.

Alhaji Laminu: Gaskiyarki Hajiya, ta cancanta.

Mamman gyaran rediyo: Ni ta fannin sauti zan yi magana, don a nan ake ɓata gadon mutanen nan. Yawancin abin da ke yawo a waya an kwafe shi daga tsohon kaset da rikoda mai sakakken bel. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In bel ya saki, gudu ya ragu, sai muryar Shata ta yi kauri, kalangu ya zama kamar ganga. Yaro ya ji haka ya ce waƙar ba daɗi. Kafin a kwafa: a sauya bel, a goge kan rikoda da robar da ke jan zare da auduga da alkol, a bari ya bushe. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye a fara tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, don zaren ya saki, in ba haka ba ya naɗe. A haɗa kebul daga ramin abin kunne na rikoda zuwa kwamfuta, kada a kanga salula a bakin lasifika. A adana MP3 a 192 kbps (ma'aunin ingancin sautin fayil), kada a sauka ƙasa da 128. In za a tura a WhatsApp a tura fayil ɗin kansa, kada a sake ɗaukarsa da maɓallin saƙon murya, don yana matse sauti ya cinye ƙarar kotso.

Malam Sani mai littafi: Ƙari a kan haka, a kula da suna. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan, kuma sau da yawa ana liƙa sunan uban a kan na 'ya'yan. Wannan ma hujja ce a gare shi: gidansa bai mutu ba. Wanda zai fara da shi ya nemi ta Sardauna da ta 'Yandoton Tsafe, ya sa kunne ga yadda 'yan amshi ke karɓe ɗa daga bakinsa su ƙarasa. A amshi babu wanda ya kamo shi, har Narambaɗa.

Abdu ɗan Zariya: Ɗan Maraya Jos fa? Shi kaɗai da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu ɗan amshi ko ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da kowa ke bin masu kuɗi. Ya rasu a 2015. Ga mai koyon sauraro shi ya fi sauƙin shiga, don kalmominsa a fili suke.

Malam Issufu: To na gida Nijar?

Hajiya Rabi: A buɗe musu babi nasu. Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar waƙa ta ƙasa sunansa. Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Sai namu Sa'adu Bori, wanda ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora a kan gita da kayan zamani. Faifan da suka yi da Musa Pusi a 1994 ya kai Turai. Ya rasu a 2008.

Alhaji Laminu: Jerina dai: Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Barmani, Ɗan Maraya. Ɗan Anace ba ya cikin biyar ɗin don fagensa dambe ne, amma waƙar Shago dole ta shiga katin.

Malam Sani mai littafi: Ni na juya biyun farko, sauran na yarda.

Mamman gyaran rediyo: Kati mai giga 8 ya isa, a 192 kbps awa ɗaya ba ta kai mega 90 ba. A rubuta sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar a kan kowane fayil, kuma a ajiye kwafi na biyu a wani wuri, don katin jabu yakan nuna ya ɗauka alhali fayil ɗin ba ya buɗuwa.