Tabon ruwan bohol ya ƙi fita daga jikin fentin motata

Salam 'yan uwa, don Allah masu fenti da masu wankin mota a taimaka mani. Baƙar Corolla ce gare ni a nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, ba ni da rumfa, a rana take wuni. Tun shigowar hunturun nan yara ke wanke ta da ruwan bohol su bar ta ta bushe da kanta, yanzu bonet da rufi duk sun yi fararen ɗige-ɗige masu zobe, irin farin da ke kama cikin buta.

Na sake wanke ta a inuwa da sabulun mota na tsane da tawul mai laushi, ba abin da ya motsa. Na gauraya ruwan khal da ruwan leda rabi da rabi na shafa na ɗauraye, na gilashi da na ƙofofi sun fita tas, amma na bonet suna nan. Sai na sa folish da hannu, da yamma ta yi ƙyalli har na ji daɗi, gari na wayewa rana ta buge ta zobunan suka dawo, ga kuma wasu siraran zane masu zagaye da ban san su ba da. In na bi da farce ba tudu, kamar ma wurin ya ɗan lotsa ciki.

Wani mai fenti ya ce sai ya bi ta da samfefa mai lamba 2000 da ruwa sannan ya sa injin folish, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don shafen ƙyallin da ke saman fenti siriri ne ƙwarai, in ya cinye sai sabon feshi.

Akwai yadda zan fitar da tabon nan a gida ba tare da samfefa ta taɓa fentin ba? Na gode.