Magana zarar bunu ce: mu ajiye biro kenan?

Ɗan Sumaila: Salama gare ku. Ran Lahadi Baba Fasto ya yi wa'azi a kan harshe daga Yakubu sura 3, ya rufe da cewa magana zarar bunu ce. Ana tashi sujada wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa, wai da ni ake, saboda ɗan wasan kwaikwayon da na rubuta wa zumuntar matasa. Tun ranar ban taɓa biro ba. Shin cewa take mu yi shiru?

Malamin Lahadi: Ina! Cewa take ka duba kafin ka zara. Ni dai in na rubuta abu cikin fushi, sai ya kwana uku a jaka kafin wani ya gani.

'Yar Roni: Ai rubutu ma ya fi magana tsanani, Malam. Magana iska kan kwashe. Gwamna Bilatus fa da aka ce ya gyara rubutun da ya sa a kan gicciyen Yesu, cewa ya yi abin da ya rubuta ya rubuta.

Malamin Lahadi: Yanzu Bilatus ne abin koyinmu, 'yar'uwa? Da Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa sun tsaya jin tsoro, da ba a sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932 ba. Daga baya kuma aka sake fassara. Wannan bunun dai ya komu.

Maman Biyu: Ku ji ta kakata. Babanmu ya tafi Kurmi, damina biyu ba aike. Ran kasuwa ta ɗaura zani ta nufi wurin mai rubuta wasiƙa a gindin tsamiya, ta zazzage cikinta: kada ya dawo, in ta mutu kada ya taka kabarinta, akuyar da ta ajiye masa ma ta ba ƙaninsa. Ta biya, aka ba direban babbar mota. Daren nan ba ta runtsa ba. Da asuba ta taka har tasha ba takalmi, mota ta tashi tun jiya. Wata biyu tuwo ba ya wuce mata. Sai ga Baba da buhun goro, yana murna. Ya ciro takardar daga aljihu, duk ta yi laushi don ninki, aka karanta. Gaisuwa ce zalla, da "Inna na kewarka, akuyarka ta haihu."

Ɗan Sumaila: Kai! To akuyar ta haihu ɗin?

Maman Biyu: Wace haihuwa? Ai bunsuru ne ma.

Sarkin Zolaya: Wannan ai shi ne edita. Ku nemo mana jikansa ya riƙa rubuta wa masu zuwa da alkawarin rijiyar burtsatse. Su nasu bunun duk shekara huɗu suke zara su mayar, ɗaki na yoyo.

'Yar Roni: Dariya gefe, mutumin nan ƙarya ya yi mata. Kuɗinta ta biya.

Maman Biyu: Ita ma haka ta ce. Ta je ta zage shi tas, sannan ta aika masa da ƙwaryar fura. Abin da ya sa ta shiga ajin yaƙi da jahilci na coci kenan, da furfurarta, wai kada a ƙara yi mata sata a baki.

Malamin Lahadi: To Ɗan Sumaila, ba ka faɗa mana me ke cikin wasan ba.

Ɗan Sumaila: Wani dattijo ne mai gyangyaɗi lokacin ba da baiko a coci.

Sarkin Zolaya: Yauwa. Turo mu gani, mu ma muna da irinsa biyu a benci na gaba.